Baffa Katakis da Sunayen Matattunmu

Ranar da muka binne Baffa, wanda ya fi kowa kuka shi ne wan mijina. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta ta'aziyyar nan yana jiran in yi wa kowa kara. Ya tsaya a bakin kabari cikin farar shadda, ya ciro hankici, ya ce coci ya yi rashin ginshiƙi. Muryarsa har rawa take yi. Matan zumuntar coci suka ɗauka da kuka. Ni kuwa ina tsaye a bayan Inna, matar Baffa, idona a bushe, ina kallon takalminsa, don na san in na ɗaga kai na dubi fuskarsa zan faɗi abin da ba a faɗa a makabarta. Shi ne shugaban majalisar cocinmu, kuma shi ne ya sauke ginshiƙin nan daga aiki da hannunsa, 'yan watanni kafin ya rasu.

Maƙwabtanmu Musulmi sun fi su gaskiya. Sun bar cirar gyaɗa suka zo, suka zauna a tabarma a ƙofar gida, suka ce Allah ya ba mu haƙuri. Limamin unguwa da zai tashi ya ce wa Inna, "Mutum ne mai taurin kai, amma ban taɓa jin ya ci amanar kowa ba." Duk jawaban da aka yi a ranar, wannan kaɗai ne Baffa zai ji bai yi tsaki ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shi ne katakis na ƙaramin cocinmu na Katolika, a wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Bagwai. Mu 'yan gidaje ne kawai a tsakiyar manoma Musulmi, kuma in aka bi salsala kakanninmu ɗaya da su. Fada, wato limamin cocinmu, ba ya zuwa sai jefi-jefi, don ƙauyukan da ke wuyansa suna da yawa. Sauran Lahadi duk Baffa ne: shi ne karatu, shi ne koyarwa, shi ne kai gawa. Kafin ya yi ritaya mai buga tafireta ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma har ya mutu yana dukan madannin kwamfuta da ƙarfin nan na tafireta.

Ba zan ce yana da daɗin zama ba, don bai da shi. In ka makara coci, sai ya dakata da karatu ya bi ka da ido har ka zauna. In mata suka ja waƙa, sai ya ƙwanƙwasa benci da ƙashin yatsa. Ban taɓa jin ya ce wa mutum ya gode ba, in ka yi masa abin kirki sai dai ya ce, "To, an yi." Ni da nake malamar firamare, da aurena, ya taɓa maido mini da takardar sanarwa a gaban jama'a wai rubutuna ya karkace. Na yi wata guda ba na gaishe shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Muna da al'ada ɗaya da ba ma wasa da ita. Kowace shekara, ranar biyu ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, ana kiran sunan duk wanda ya mutu a cikinmu tun daga tsofaffin da suka fara karɓar baftisma. Ana kira ɗaya bayan ɗaya, dangin mamaci su amsa da cewa Allah ya ba shi hutawa. Yawancin kaburburanmu ba su da alama, wasu ma tuni gona ta cinye su. Kiran nan shi ne abin da ya rage musu a bakin mutane.

Da can sunayen suna cikin wani babban littafi mai baƙin bango. Wata damina gara ta shiga akwatin ta cinye fiye da rabinsa. Baffa bai yi wa kowa magana ba. Ya hau kekensa ya bi gida-gida, har ƙauyukan da 'yan'uwanmu suka koma, yana tambayar tsofaffi wa ya mutu, a wace shekara, wa ya yi masa baftisma. Ya haɗa da guntayen shafukan da gara ta rage masa. Daga nan ya rantse ba zai ƙara barin sunayen a takarda kaɗai ba.

Wata Sista ce ta coci a birni ta ba shi tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka bayan wani kwas da aka yi wa katakis-katakis. Ya ɗinka mata riga da tsohon zanen zumunta, yana cajinta da 'yar solar coci. Ana nan sai ta fara fito masa da wani gargaɗi, ya kai ta wurin mai gyara a Bacirawa. Mai gyaran ya yi dariya ya ce, "Baba, ai manhajar da ke ciki ta sata ce. Fasa ta aka yi. Kowa ita yake amfani da ita, bari in rufe maka bakinta."

Baffa ya naɗe kwamfutarsa ya dawo gida. Ya yi makonni bai kunna ta ba. Da Fada ya zo, sai ya shiga layin masu furta zunubi ya faɗa masa ya rubuta maganar Allah da kayan sata. Shi da kansa ya ba mu labari, cikin fushi, wai ya ji Fada yana ƙoƙarin danne dariya. "Me ya bambanta shi da satar akuya?" in ji shi. "Don mai akuyar yana nesa?"

Sistar nan ce ta sake fitar da shi. Ta gaya masa akwai wata manhajar da mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka gina, suka bar ta a buɗe: kowa zai iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, da yardar masu ita. Ta goge ta satar ta zuba masa wannan. Tsohuwar kwamfutar da take ja da ƙyar sai ga ta tana gudu. Tun daga ranar muka shiga uku, don ba wanda zai zauna kusa da Baffa bai sha wa'azin manhaja ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "In ka zuba hatsinka a rumbu, makullin yana hannun baƙo, hatsin nan ba naka ba ne." Shi ya sa yake ajiye komai da irin rubutun da kowace na'ura za ta iya buɗewa, ba sai an nemi izinin kowa ba.

Da ita yake buga karatun Lahadi da kalandar bukukuwa, da darasin masu shirin baftisma da sanarwar aure. Ya naɗi waƙoƙin tsofaffin matan zumunta, irin masu karin waƙar daka, ya rubuta baitocinsu. Maƙwabci Musulmi in yana son takardar shaidar iyakar gona, wurinsa yake zuwa, ya buga masa yana mita. Amma abin da ya fi ɗauka da girma shi ne jerin sunayen matattu. Kowane suna da layinsa: wane ne, yaushe ya mutu, wa ya yi masa baftisma, wa ya shaida.

A cikin layukan nan akwai na 'yata.

Ita ce haihuwata ta fari, kuma kwana huɗu ta yi a duniya. Na zubar da jini sosai, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo an riga an binne ta. A dangin mijina, jaririn da bai kai ranar suna ba ba a lissafa shi, ba a yi masa zaman makoki, ba a ƙara ambatonsa. Surukata ta ce in share hawaye, ruwa ne ya zube, tulu yana nan. Baffa ne kaɗai ya shigo ɗakin ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Na yi mata baftisma da rana tsaka kafin ta cika. Sunanta Rahila. Na rubuta." Ya juya ya fita. Bai ce sannu ba.

Tun daga shekarar, sau ɗaya tak ake furta sunanta da ƙarfi a gaban mutane, ranar biyu ga Nuwamba, kuma da muryar Baffa. Ni kaɗai nake amsawa. Na haifi wasu bayanta, suna raye, Allah ya raya su. Amma duk shekara wannan ranar nake jira.

Saboda abin da gara ta yi masa, Baffa bai yarda da ajiya a wuri ɗaya ba. Wata shekara bayan bikin Ista ya sayo 'yan ƙananan memori irin na waya, ya zuba sunayen da waƙoƙin a cikin kowanne, ya bi gidajenmu ya rarraba. "Ku ajiye," in ji shi. "Wanda ya nema ku bar shi ya kwafa. Kada ku goge." Muka karɓa da hannu biyu muna ƙunshe dariya.

Kun san abin da muka yi da su? Memori abu ne mai daraja a ƙauye. Ɗaya bayan ɗaya muka kai wa mai caji a kasuwa, ya wanke su tas, ya cika mana da finafinai da waƙoƙin biki. Kowa ya ce a ransa ai akwai a wurin sauran, kuma ai akwai a kwamfutar Baffa. Har da ni. Ni da layin 'yata yake ciki, na miƙa nawa aka zuba mini fim mai dogon zango. Duk zafin da za ku ji a rubutun nan, rabinsa a kaina yake sauka.

Bara wani ɗan siyasa ya ba coci sabuwar kwamfuta. Wan mijina ne ya karɓo ta, ya biya ta kasuwa aka cika ta da manhajar nan ta sata, ya kawo ta taron majalisa yana shafa ta. Ina wurin, don ni nake rubuta bayanin taro. Baffa ya duba ya ce ba zai taɓa ta ba sai an goge an zuba halattacciya.

"Baffa, duk duniya da wannan ake aiki," in ji wan mijina. "Taka ta talakawa ce. Abin kyauta ai ba ya ƙarko."

"Duk duniya ba ita za ta tsaya a gaban Allah a madadina ba."

"To mu ɓarayi ne ke nan?"

"Ban ce ba. Kai ka ji a jikinka."

Nan take wan mijina ya ce tsufa ya kama Baffa, lokaci ya yi da zai huta. Aka ɗaga hannu. Mutanen da ya koya wa addu'a tun suna yawo ba wando, waɗanda ya binne wa iyaye a cikin ruwan sama, su ne suka ɗaga. Aka ce tsohuwar kwamfutar ma kayan coci ce, ya miƙa ta, za a kai a wanke a zuba ta zamani a ba 'yan kwaya, masu waƙar coci. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To sunayen fa?"

Baffa ya zare rigar zanen zumuntar ya ninke ya sa a aljihu, ya tura musu kwamfutar a kan tebur. Ya ce, "Ku wanke. Sunayen suna kowane gida."

Ya faɗa da ƙarfin zuciya, don ya yarda da mu.  Kowa a wurin ya san abin da ya yi da nasa memorin, kuma ba wanda ya gaya masa gaskiya. Ni ma na sunkuyar da kai ina rubuta bayanin taro.

Bai ƙara lafiya sosai ba bayan nan. Yakan zo coci ya zauna a bencin baya, in sabon mai karatu ya yi tuntuɓe sai ka ga yatsansa yana motsi a kan benci, amma ba ya ƙwanƙwasawa. Ƙarshen damina ya kwanta. Ranar da na kai masa kunu da hantsi, ya riƙe hannuna ya ce, "Malama, memorinki na nan da sunayen?"

Na ce, "Suna nan, Baffa."

Ya ce, "To, an yi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ƙarya na yi masa.

Ko mako biyu ba a yi da binne shi ba wan mijina ya sanar a coci cewa an haɗa sabon jerin sunaye daga babban rajistan da ke cocin da Fada yake zaune, kuma wanda ke ciki kaɗai za a kira. Na karɓi takardar na duba. Tsofaffi da yawa babu su. Rahila babu ita, don baftismar gaggawa ce Baffa ya yi mata a ɗaki, ba ta taɓa isa babban rajista ba. Na tare shi a ƙofar coci.

"Yaya, ban ga sunan 'yata ba."

"Wace 'yar?"

"Ta fari."

"Wadda ba ta kai suna ba?" Ya gyara hularsa. "Coci ba ya aiki da an ce. Kawo hujja an yi mata baftisma, sai a saka."

Mijina da ya dawo daga Dawanau inda yake awon wake, na gaya masa. Ya ce in bar maganar, yayansa ne. Ban bari ba. Na bi gidajenmu kamar yadda Baffa ya bi su da keke, ina tambayar memori. Wata ta ce 'yarta ta tafi da shi gidan miji. Wani ya ce ya faɗa rijiya da wayar. Mai buga gangar coci ko kunya bai ji ba, ya kunna mini waƙar da ya zuba a nasa wai in ji daɗinta. Waɗannan su ne masu kukan makabarta. Na dawo gida hannu rabbana, saura kwana biyar a kira sunaye.

Gwaggo ce ta tsayar da ni. Ita ce babbar yayarsu mahaifina da Baffa, ta musulunta tun aurenta na ƙuruciya, tana zaune a wani ƙauye gaba da mu. Ta zo ɗaukar tabarmin da ta kawo na zaman makoki, ta tarar da ni a tsakar gida na haɗa kai da gwiwa. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Wani ɗan baƙin abu kamar farce? Ai ya ba ni ɗaya."

Gwaggo ba ta da waya, ba ta taɓa riƙe ta ba. Muka hau acaɓa tare. A ɗakinta ta sauke jeren kwalla, ta buɗe ta can ƙasa, ta ciro ƙullin tsumma, cikinsa wani ƙullin, cikinsa memorin. Na miƙa hannu sai ta janye.

"A'a, 'yar nan. Ya ce duk wanda ya zo nema, ya kwafa a gabana ya maido mini. Ban san mene ne kwafa ba, amma a gabana za ki yi."

"Gwaggo, kin san abin da ke ciki?"

"Ya ce matattunku ne. Uwata da ubana suna ciki. Amana ce, ina ruwana da sauran."

Na saka shi a wayata, ina tsoron wayar ta ce ba ta san irin wannan rubutun ba. Ta buɗe shi nan take, ba ta nemi komai ba. Abin da Baffa ya yi shekaru yana damun mu da shi ke nan muna toshe kunne. Na ja sunayen da yatsa har na iso shekarar. Ban taɓa ganin layin da idona ba, kira kawai nake ji. Ga abin da ya rubuta:

Rahila. Kwana huɗu. Baftisma ta hannuna, da ruwan randa, da rana tsaka. Shaida: wan ubanta, shi ya ɗebo ruwan.

Na karanta sau uku. Mutumin da ya dube ni a ƙofar coci ya ce wace 'yar, shi ya riƙe moɗa a kanta. Gwaggo ta ga fuskata ta ce in sha ruwa. Sai a lokacin kukan da ban yi a makabarta ba ya zo.

Ban kai wa majalisa ba. Na buga shi a takarda na kai wa Fada hannu da hannu, ya duba ya ce wannan za a karanta, kuma za a shigar da waɗanda babu a babban rajista. Ranar biyu ga Nuwamba ya tsaya ya kira su duka, har tsofaffin da aka so a zubar. Da ya ce Rahila, na amsa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Suna na ƙarshe na Baffa ne. Ni na ƙara shi a ƙasan jerin da yatsana, a wayata, don rubutun a buɗe yake, ba mai hana ni. Coci duka ya amsa, har da masu ɗaga hannu, kuma ban hana su ba don ba ni da iko.

Na koma wurin Gwaggo, na sa sunan ƙanenta a cikin nata a gabanta, na mayar mata. Ta ƙulle shi ta mayar kwalla. Na sayo sababbin memori na zuba sunayen, na bi gidaje na rarraba, kuma ban yi wa kowa murmushi ba. Na so in tsallake gida ɗaya. Amma na san abin da Baffa zai ce, shi da ya ba kowa har da waɗanda suka tozarta shi. Na sami wan mijina a zaure yana gyaran buhu, na durƙusa yadda ake durƙusa wa wan miji, na ajiye a gabansa.

"Yaya, ga naka. Kada ka goge. Kana ciki, a layin Rahila."

Bai ɗago ba, ni kuma ban jira ba.

Baffa, Ubangijin da ka ƙi yi wa aiki da kayan sata ya karɓe ka, ya hutar da kai hutun da ba mai sauke ka daga cikinsa. Su ban yafe musu ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ta biyu in ce na yafe ba. Ta farkon nake roƙo ka yafe mini. Sunayen suna nan yanzu.